Ɗan yayata ya kira ubansa kafiri ranar zaɓe: yanda abin ya faro da inda ya tsaya

Na daɗe ina son rubuta wannan abu yayata tana hana ni, sai kwanan nan ta ce to rubuta amma kar ka kama suna, na mutum ko na gari. To ba zan kama ba. Ƙauye ne dai a ƙasar Haɗejia cikin garuruwan bakin fadama, yaron ɗan yayata ne, ni kawunsa malamin firamare ne. Zan bi abin daki-daki yanda ya faru, ra'ayina sai can ƙarshe.

Kafin 2022: waye yaron

Haifaffen 2000 ne. Ya yi allo ya sauke yana shekara 14, hadda ma ya kai izu 20 da ɗoriya, amma a littattafai Ahalari da Ishmawi ya tsaya, bai shiga Iziyya ba balle Risala. Larabcinsa na karantawa ne ba na ganewa ba. Ya yi sakandare ya yi NCE ya gama a 2021. Ba ya shaye-shaye, ba ya bin motar 'yan siyasa, in ladan ya makara shi ke kiran assalatu. Irin yaran da ake cewa Allah ba mu irinsa.

A ƙarshen 2021 wani mutum ya ce a kawo dubu 300 zai samo masa takardar ɗaukar aiki. Babansa ya sai da ɗan bijimin da yake turka aka ba da dubu 150 kafin alƙalami. Har yau ba aiki ba kuɗi.

Daminar 2022: inda abin ya faro

Da aiki ya ƙi sai ya koma gona, ya ranto dubu 180 ya yi shinkafa eka biyu. Duk wanda yake Jigawa ya san ambaliyar 2022, tsakanin Agusta da Satumba ruwa ya shanye gonar ko dami ɗaya bai ɗauka ba. Da aka zo rabon tallafi sunansa ba ya cikin lis, amma ya ga na wasu da ko fartanya ba su taɓa riƙewa ba.

Daga nan ya koma zaman shagon cajin waya a garin da muke cin kasuwa, yana taya mai shagon ana ba shi na abinci. A nan ya haɗu da wani baƙo mai tallan turare da carbi wanda ya ba shi memori kyauta. Na saurari memorin daga baya. Wallahi odiyo goman farko ko ni zan iya saurara in ce Allah saka, maganar zalunci ce da cin hanci da yanda talaka ba shi da gata. Sai a hankali bidiyon Musulmi da ake kashewa a wasu ƙasashe, sai ayoyin yaƙi ana jero su da ƙira'a mai daɗi, can ƙarshe kuma lambar waya. Lambar ta kai shi wani guruf a WhatsApp, bayan kamar wata ɗaya aka ce ya cancanta aka mai da shi Telegram.

Nuwamba 2022 zuwa Fabrairu 2023: abin da muka gani

Farko ya daina bin liman, ya ce yana da uzuri. Sai ya daina cin yankan babansa, kaza in aka yanka sai ya ci tuwonsa da mai da yaji. Ya daina durƙusa wa manya, ya daina zuwa majalisa, dare kuma yana kwance da iyafis a kunne har asuba. A Janairu uwarsa na shara ta tarar da satifiket ɗinsa na NCE a yage gida huɗu a bayan randa. Ta ɓoye ba ta faɗa wa kowa ba sai ni.

Ranar Asabar 25 ga Fabrairu 2023, ranar zaɓen shugaban ƙasa, babansa ya dawo daga rumfa da tawada a yatsa yana alwala a ƙofar gida, yaron ya tsaya a kansa ya ce wannan alwalar ba ta da amfani Baba sai ka sake kalmar shahada, don ka kafirta. A gaban mutane. Ya ja Ma'ida aya ta 44, wanda bai yi hukunci da abin da Allah ya saukar ba to waɗannan su ne kafirai.

Ƙarshen Fabrairu zuwa Maris 2023: gyaran gangar auzinawa

Abu huɗu muka gwada cikin sati uku.

Baban da yayyensa biyu suka sa shi a ɗaki suka yi masa dukan tsiya. Bai yi kuka ba, da ya fito cewa ya yi haka aka yi wa Bilal. Daga baya na gani a wayarsa ashe tun kafin a taɓa shi an gaya masa a guruf cewa danginka za su dake ka, in sun dake ka to ka tabbata kana kan gaskiya.

Aka fasa wayar da taɓarya. Cikin kwana 5 ya samu wata, har da kuɗin data aka turo masa.

Liman ya yi huɗuba a kan masu kafirta iyayensu, bai kama suna ba amma duk sahu aka waiwayo ana kallonsa. Daga ranar ya daina zuwa Juma'a kwata-kwata.

Na huɗun nawa ne kuma shi ya fi ba ni kunya. Na kira wani abokina ustaz daga birni ya zo ya yi muƙabala da shi a zaure, mutane sun cika har waje. Ustaz ya fi shi karatu nesa ba kusa ba kuma ya kayar da shi, to amma kowace amsa sai an yi shewa, yaron kuma in ya maƙale sai ya ce malamin gwamnati ne. Ustaz ma ya yi kuskure ɗaya, cikin zafi ya ce ai jihadi yanzu na zuciya ne kawai, nan take yaron ya jero masa ayoyin Anfal da Tauba ya ce to waɗannan fa a goge su? Aka tashi baram-baram. Irin wannan an yi ta a manya ma, an yi muƙabala da Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram na lokacin, tun kafin rikicin Maiduguri na Yulin 2009, wadda Sheikh Isa Pantami ya yi da shi a Bauchi har yanzu tana yawo a wayoyi, kuma yaron ya ce mini ya kalle ta amma a guruf ɗinsu gutsuren da suke so kawai ake turowa.

Azumin 2023: jakar da ke ƙarƙashin gado

An ɗau azumi 23 ga Maris. A daren 17 ga azumi yayata ta tashi dafa sahur ta ga ƙofarsa a buɗe yana wanka, ta leƙa ta ga jaka a ɗaure, kaya kala uku, tocila, takalmin roba, dubu 22 da wata takarda mai sunan tashoshin mota uku da za su kai shi gabas. Ba ta yi ihu ba. Ta zauna a kan jakar, da ya shigo ta ce in za ka tafi sai dai ka ɗaga ni. Ya ce Inna Allah ne ya kira ni. Ta ce to ban yafe ba, amma in ka je wurin Malam ya ce Allah ne ya kira ka, ni da kaina zan kai ka tasha. Ya yarda a kan zai zauna da Malam har bayan babbar sallah, don a ganinsa tsoho ne zai gama da shi a zama ɗaya.

Washegari na je na gaya wa mai gari a asirce, shi kuma ya kai wa hakimi, aka miƙa lambobin wayar da takardar nan inda ya dace. Mun yi ta fargabar kar a zo a ɗauke shi, amma tunda bai aikata komai ba aka bar shi a hannun mai gari da sharaɗin ba zai bar gari ba. Mai turaren tun daga lokacin ba a sake ganinsa a kasuwa ba.

Afrilu zuwa Satumba 2023: zauren Malam

Malam dattijo ne ya haura 70, a zaurukan Zariya ya yi karatu, manomi ne, wayarsa 'yar ƙarama mai tocila. Ya sa Asabar da Talata bayan isha'i, daga shi sai yaron sai ni a bakin ƙofa, ya ce in na sa baki zai kore ni.

Zama uku na farko Malam bai yi musu ba ko sau ɗaya. Ya ce ɗana karantar da ni abin da ka samo. Yaron ya yi ta zuba, dubu 150 ɗin, lis ɗin tallafi, ayoyi. Da ya zo kan zalunci Malam ya ce wannan gaskiya ka faɗa, an zalunce ka, wanda ya ci kuɗin ubanka zai amayar da su gaban Allah. Ya kuma ce jihadi yana cikin addini, babi ne guda a littafin fiƙihu, wanda ya ce babu shi ya yi ƙarya. Na ga yaron ya ɗago ya kalle shi, don ba haka ya zata ba.

Sannan ya kafa doka ɗaya. Duk ayar da ka kawo sai mun karanta uku kafinta da uku bayanta, duk hadisin da ka kawo sai mun buɗe littafi mun ga babin da yake ciki, kuma kai za ka karanta da bakinka.

Ya kawo Baƙara 191, ku kashe su duk inda kuka same su. Malam ya ce koma baya ɗaya. Aya ta 190 ta ce ku yaƙi waɗanda suke yaƙar ku, kuma kar ku ƙetare iyaka, Allah ba ya son masu ƙetare iyaka. Ta 192 kuma ta ce in sun daina to Allah mai gafara ne. Ya kawo Tauba aya ta 5 wadda suke kira ayar takobi, aka karanta ta 4 da ta cire mushirikan da ba su warware alkawari ba ta ce a cika musu alkawarinsu, da ta 6 da ta ce in wani mushiriki ya nemi mafaka wurinka ka ba shi har ya ji maganar Allah sannan ka raka shi inda zai aminta. Malam ya ce ɗana ka haddace wannan ai, me ya sa ba ka taɓa haɗa su ba? Yaron ya ce an ce an shafe su. Malam ya ce ayar da ke manne da ita a sura ɗaya ita ta shafe? Aka ƙara da Anfal 61 a kan karkata ga sulhu, da Mumtahana 8 a kan kyautata wa waɗanda ba su yaƙe ku ba.

Inda aka fi daɗewa shi ne kafirtawa, wajen zama goma, don Malam ya ce nan ne gindin abin, sai an fara fitar da mutum daga Musulunci sannan ake halatta jininsa da dukiyarsa. A kan Ma'ida 44 ya nuna masa fassarar Ibn Abbas cewa kafirci ne da bai kai kafircin fita daga addini ba. Ya ba shi labarin Khawarijawa, waɗanda suka fita daga rundunar Sayyidina Ali suna cewa babu hukunci sai na Allah, Ali ya ce kalmar gaskiya ce aka nufi ɓata da ita. Ibn Abbas ya je har sansaninsu ya ce Allah da kansa ya ba wa mutum biyu adalai hukunci a kan farautar mai harami, Ma'ida 95, ya ba wa mutum biyu sulhu tsakanin miji da mata, Nisa'i 35, to jinin Musulmi bai kai wannan ba? Da yawansu suka dawo, sauran aka gwabza da su a Nahrawan shekara ta 38 bayan hijira, kuma ɗaya daga cikinsu, Ibn Muljam, shi ya sari Ali a Kufa cikin azumin shekara ta 40 yana ganin ibada yake. Ya karanta masa siffarsu a Bukhari da Muslim, masu ƙananan shekaru, suna karatun Alƙur'ani ba ya wuce maƙoshinsu, suna kashe Musulmi suna barin masu bautar gumaka. Bai ce masa kai ne ba. Ya dai rufe littafin ya ce a kawo shayi.

Hadisin Usama bin Zaid shi na ga ya fara taɓa shi. Usama ya kashe mutum a tsakiyar yaƙi bayan ya ce la'ilaha illallah, ya ce don tsoron takobi ya faɗa, Annabi (SAW) ya ce ka tsaga zuciyarsa ne? Malam ya ce wannan fa maƙiyi ne da makami a hannu, kai kuma ubanka shekara 50 yana sallah, ka tsaga tasa? Ya buɗe Risala ya nuna masa inda aka ce ba a kafirta kowa cikin ma'abota alƙibla saboda zunubi. Maganar aiki a ƙarƙashin gwamnati kuma ya ce karanta Yusuf aya ta 55, Annabi ne ya nemi a ɗora shi kan taskokin Masar a ƙarƙashin sarkin da ba addininsu ɗaya ba.

A Yuni aka shiga babin jihadi na Risala da Muwaɗɗa. Ba a kashe mata da yara. Ba a kashe wanda aka ba wa amana, ba a warware alkawari. Yaƙi a bayan shugaba ake yinsa, nagari ne ko fajiri, ba kowa da tutarsa ba. Wasiyyar Sayyidina Abubakar ga Yazidu bin Abi Sufyan lokacin da ya tura shi Sham, kar ka kashe mace ko yaro ko tsoho tukuf, kar ka sare itace mai 'ya'ya, kar ka rushe gini, kar ka yanka akuya ko raƙumi sai don ci, masu ibada da suka killace kansu a ɗakunan bautarsu ka ƙyale su. Yaron ya kawo hadisin Sa'abu bin Jassama da suke kafa hujja da shi, wanda aka tambayi Annabi game da harin dare da ya rutsa da mata da yara. Malam ya ce wannan rundunar maƙiya aka nufa cikin duhu aka samu wanda ba a nufa ba, to wanda ya shiga babban masallacin Kano ranar Juma'a 28 ga Nuwamba 2014 ya kashe sama da mutum 100 a sahu, wa ya nufa in ba su ba? Manoman shinkafar Zabarmari da aka yi wa yankan rago a gona a Nuwamban 2020, aka binne 43 a rana ɗaya, wace runduna ce? Ya ce ɗana da a can gonarka take da kai ne.

Yuli 2023: koma baya, da tambayar da ta raba su

Bayan babbar sallah wa'adin da ya ɗaukar wa uwarsa ya cika, ya yi sati biyu bai zo ba, muka ce shi kenan. Ashe wanda suke kira amir a guruf ɗin ne ya matsa masa, ya ce ya ɗauke injin ban ruwan babansa ya sayar ya yi kuɗin mota, wai dukiyar wanda ya yi ridda ganima ce. Yaron ya je har inda injin yake da dare ya kasa. Da kansa ya dawo zaure ya faɗa.

Malam bai yi faɗa ba, ya ce tura masa tambaya ɗaya cikin ladabi. Wani ya zo neman izinin jihadi Annabi ya ce iyayenka na raye? Ya ce eh, ya ce to a cikinsu za ka yi jihadinka, Bukhari da Muslim ne, Risala ma ta ce ba a fita yaƙi sai da izinin iyaye sai in maƙiyi ya afka wa gari. Uwata ba ta yarda ba, mene ne hukuncina? Ya tura. Amsar da ta zo na gan ta da idona, babu aya babu hadisi, cewa aka yi wa kake zama da shi, shubuha ta shige ka, ka tuba ko kai ma hukuncinsu ya hau kanka. Ya sake tambaya, kafin gari ya waye an cire shi daga guruf. Malam ya ce masa kawai haka manyansu ma suke yi, ai a 2016 'yan Boko Haram suka rabe gida biyu, kuma Shekau a 2021 ba soja ne suka ritsa shi a Sambisa ba, tsofaffin abokan tafiyarsa ne.

A watan ne kuma Malam ya ba shi aron rabin eka a fadamarsa, ni na sai masa irin albasa, baban ya ba shi aron injin nan dai da aka ce ya sata.

Satumba 2023 zuwa yau

Zama 41 aka yi a lissafina. Wata Juma'a a Satumba ya shiga sahu kusa da babansa ba tare da ya gaya wa kowa ba, da dare ya je turakarsa ya durƙusa, ban san me suka ce ba, na dai ji muryar baban yana cewa ya isa haka tashi. Ya biya bashin dubu 180 a kaka biyu. Har yanzu yana zuwa wurin Malam ranar Asabar, sun koma Risala daga farko. Har yanzu ba ya zaɓe, Malam ya ce a bar shi, ƙin zaɓe daban kafirta mai zaɓe daban.

Yanda nake ganin abin

Duka da fasa waya da huɗuba duk sun faɗi ne don an riga an shirya shi a kansu, kowanne sai ya zama shaidar abin da aka gaya masa. Muƙabalar da na haɗa ta faɗi don a gaban jama'a ba gaskiya yake karewa ba, mutuncinsa yake karewa, kuma da ustaz ya musa abin da yake rubuce ƙarara sai ya zubar da sauran maganarsa. Na Malam ya ci ne a ganina don bai ɓoye masa komai ba, ya yarda an zalunce shi, ya yarda akwai jihadi, sannan ya sa shi ya karanta sharuɗɗan da bakinsa. Yaron mahaddaci ne da bai yi fiƙihu ba, ayoyin suna kansa amma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya haɗa masa su, mutanen can kuma guntu-guntu suke ba shi.

Amma ba zan ce karatu kaɗai ba ne. Da yayata ba ta zauna kan jakar nan ba da Malam bai samu wanda zai karantar ba, da amir ɗin bai yi gaggawar maganar inji ba wataƙila da an daɗe ana ja, kuma rabin ekan nan ya cire shi daga shagon caji. Akwai sa'a a ciki sosai. Su biyu mai turaren ya ba wa memori a kasuwar nan, ɗayan ɗan wani ƙauye ne gaba da mu, shi ya tafi tun kafin azumin. Uwarsa takan biyo wurin yayata ranar kasuwa ta tambaya ko yaronmu ya ji wani labari.